Daga Mararaba Zuwa Cikin Gari: Wa Zai Biya Kuɗin Sufurin Abuja?

 Kamar kullum, ga rubutaccen shirin nan ga waɗanda datarsu ba za ta ɗauki sauti ba, da waɗanda suka fi jin daɗin karatu.

Yau maganar kuɗin mota za mu yi, kuma Abuja za mu je. Amma ba Abujar Maitama da Asokoro da ake nunawa a talabijin ba. Abujar da nake nufi ita ce wadda take farawa tun daga Masaka da Ado da Mararaba a jihar Nasarawa, ta bi ta Nyanya da Karu, sannan ta ɗaya ɓangaren ta taso daga Suleja da Madalla a jihar Neja, ta bi ta Zuba da Dei-Dei da Kubwa. A nan mutanen da ke share ofisoshin gwamnati suke kwana, da masu gadi, da malaman makaranta, da 'yan kasuwar Wuse, da ƙananan ma'aikata.

Na yi shekaru ina bin hanyar Mararaba kullum. Idan kana son ka isa ofis ƙarfe takwas, to sallar asuba kawai za ka idar ka fito. Ka tsaya bakin titi cikin ɗaruruwan mutane. Ƙaramar mota ta rage gudu, ba ta ma tsaya sosai ba, mutum goma sun rufe ta. Wanda ya fi ƙarfin kafaɗa shi ne mai kujera. Mutum biyu a gaba, huɗu a baya. Mace mai goyo da dattijo sai su koma gefe suna kallo, har sai ƙarfafa sun gama tafiya. Na taɓa shiga mota wadda direban ya ce zai kai mu cikin gari, muna kaiwa AYA ya ce shi nan ya tsaya, kowa ya sauka, kuma kuɗinsa cikakke ya karɓa. Wa za ka kai wa ƙara? Ba lamba, ba tikiti, ba ofishi. Tafiyar da ba ta wuce rabin awa idan hanya a buɗe take, sai ta cinye maka awa biyu, da yamma ka sake biyan wasu biyun.

To abin da nake so mu fahimta a yau abu ɗaya ne. Duk lokacin da aka yi kukan sufuri, amsar da ake ba mu ita ce an sayo sabbin motoci ko an yanke ƙyallen buɗe wani aiki. Abin da ba a taɓa ba mu ba shi ne kuɗin da zai riƙa tafiyar da motocin kowace rana har shekaru, da kuma hukuma guda ɗaya da za a kama idan motar ba ta zo ba. Waɗannan biyun ne ya kamata mu nema, kuma zan yi bayanin dalili.

Yadda aka kai ga nan

A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar samar da sabon babban birni. A 1979 aka kammala babban tsarin birnin, wato taswirar da ta nuna inda komai zai zauna. A cikin wannan taswira an ware wasu hanyoyi na musamman domin sufurin jama'a, waɗanda za su ratsa unguwanni su shigo tsakiyar gari. Masu tsarin sun san birni irin wannan ba zai rayu da motocin gida kaɗai ba. A ranar 12 ga Disamba 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta taso daga Legas ta tare a Abuja. Tituna masu faɗi an gina su, gadoji an gina su, amma ɓangaren sufurin jama'a ya tsaya a takarda.

Sai kuma maganar gida. Hayar gida a cikin gari ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci tun farko. Daga 2003 zuwa 2007, lokacin da Nasir El-Rufa'i yake ministan Abuja, an rushe unguwanni da dama da aka ce an gina ba bisa ƙa'ida ba, mutane suka ƙara kwarara zuwa bayan gari. Sakamakon shi ne aiki yana tsakiya, ma'aikata suna gefe, kuma 'yan hanyoyi kaɗan ne suka haɗa su: hanyar Keffi, hanyar Kubwa da Zuba, da hanyar filin jirgi da ta bi ta Lugbe. Da safe kowa ya nufi gefe ɗaya, da yamma kowa ya juya.

A 2006 aka hana 'yan acaɓa shiga tsakiyar birni, aka kawo manyan motocin safa waɗanda har yau mutane ke kira motocin El-Rufa'i. A 2013, lokacin Bala Mohammed yana minista, aka hana ƙananan bas-bas ɗin nan da muke kira araba bin manyan hanyoyin cikin gari, da alƙawarin manyan motoci za su cike gurbinsu. Ni ban ce hanin nan ba shi da hujja ba. Amma idan ka hana abu, wanda ka kawo a madadinsa bai wadatar ba, buƙatar ba ta gushe ba. Gurbin sai motocin kabu-kabu suka cike shi, marasa fenti, marasa rajista. A cikin wannan ruɗanin ne 'yan fashin da ake kira wan-cans suka sami wurin ɓuya: mota ce kamar kowace mota, da fasinjojin bogi a ciki, sai an yi nisa su zare makami. Duk wanda ke zaune a Abuja ya san wani da abin ya rutsa da shi. Rashin motar haya tabbatacciya ya zama matsalar tsaro.

Sai ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kuma a ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000. A Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Yanzu mu yi lissafi tare. Mu ƙaddara mutum yana kashe naira 1,500 zuwa da dawowa, har da kuɗin keke Napep daga gida zuwa bakin titi. A kwana 22 na aiki, naira 33,000 ke nan. Kusan rabin albashin ya tafi a hanya, bai ci ba, bai biya haya ba, bai kai yaro makaranta ba. Shi ya sa kake ganin ma'aikata suna kwana a ofis ko a masallaci su koma gida ranar Juma'a, wasu kuma suna zuwa aiki kwana biyu ko uku a mako.

To jirgin ƙasan fa?

Na san wani zai ce ai Abuja na da jirgin ƙasa na cikin gari. Gaskiya ne. An ba kamfanin CCECC na China kwangilarsa a 2007. An gina shi da bashin dala miliyan 500 daga bankin Exim na China, gwamnati ta cika sauran. Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shi a Yulin 2018, da tashoshi 12. A 2020, lokacin korona, aka dakatar da shi, ya yi kusan shekara huɗu a tsaye. A ranar 29 ga Mayu 2024 aka sake buɗe shi ƙarƙashin minista Nyesom Wike, aka ce a hau kyauta na wani lokaci.

Na shiga shi, jirgi ne mai kyau, akwai sanyi, akwai tsafta. Amma duba inda ya bi. Layi ɗaya ya taso daga tsakiyar gari ya bi ta Idu ya tafi filin jirgin sama. Ɗayan ya taso daga Idu ya bi ta Gwagwa da Dei-Dei da Kagini ya tsaya Gbazango a Kubwa. Nyanya da Karu da Mararaba, inda cunkoson ya fi tsanani, layin bai je ba. Kuma wasu tashoshin suna nesa da gidajen mutane, sai da aka dawo daga baya ana gina hanyoyin da za su kai gare su. Jirgi ba ya zuwa ƙofar gidan kowa. Idan babu bas da zai kwaso mutane daga unguwa ya kawo su tasha, da wani da zai ɗauke su daga tashar tsakiyar gari ya kai su Wuse ko sakatariya, to mutum zai gwammace ya matsu a kabu-kabu wadda za ta sauke shi kusa da aikinsa.

Darasin jirgin nan shi ne zuciyar maganata. An ci bashi an gina, amma ba a tanadi abin da zai riƙe shi ba.

Kuɗi iri biyu ne

A harkar sufuri akwai kuɗin gini, akwai kuɗin gudanarwa. Kuɗin gini shi ne na shimfiɗa layin dogo, sayen motoci, gina tasha. Sau ɗaya ake kashe shi, ana ɗaukar hoto, ana rubuta sunan mai girma a jikin allo. Kuɗin gudanarwa shi ne albashin direba da makanike, mai ko gas, taya, birki, baƙin mai, wanke mota, inshora. Kullum ake kashe shi, kuma ba a kiran 'yan jarida ranar da aka canza taya.

Ɗan siyasa ya fi son na farko, dalili kuwa a fili yake. Shi ya sa muke ta maimaita zagaye ɗaya. An kawo motoci a 2006. An sake kawo wasu a 2012 bayan zanga-zangar tallafin mai ta zamanin Goodluck Jonathan. Bayan 2023 kuma ga motoci masu amfani da gas na CNG. Kowane karo sai a ce kamfanin da aka damƙa wa motocin ya riƙe kansa da kuɗin tikiti, kuma kada ya ƙara farashi saboda talaka. Waɗannan umarni biyu ba sa haɗuwa. Idan tikiti yana da araha, kuɗin ba zai isa gyara ba. Mota ɗaya ta lalace, a ciro kayanta a sa wa wata. Bayan shekara uku ko huɗu rabin motocin suna fake a gareji tayoyi sun sace, jira a tasha ya ƙaru, fasinja ya gudu, kuɗin shiga ya ƙara raguwa. Sai wani sabon shugaba ya zo ya sayo sabbi, a koma farko.

A mafi yawan manyan biranen duniya kuɗin tikiti ba ya biyan dukkan kuɗin gudanarwa. Hukuma ce ke cike giɓin, kuma ba a ɗaukar hakan a matsayin asara. Ku tuna, titin da mai jeep yake bi daga Gwarinpa zuwa ofis, ba a taɓa tambayar ribar da ya kawo ba. Da kuɗin jama'a aka gina shi, da kuɗin jama'a ake gyara shi. Mai mota yana cin tallafinsa ta hanyar kwalta da gada da wurin ajiye mota. Wanda ba shi da mota, tallafinsa shi ne bas mai zuwa kan lokaci. Kuma shi kansa mai jeep ɗin yana amfana: babbar mota ɗaya mai ɗaukar mutum 70 tana maye gurbin kabu-kabu kusan 12 masu cusa mutum shida-shida. Hanya za ta yi masa sauƙi shi ma.

Iyakar da fasinja ba ya gani

Matsala ta biyu ita ce ta iko. Idan ka taso daga Masaka, kana jihar Nasarawa. Da ka wuce Mararaba ka shiga Nyanya, kana Babban Birnin Tarayya. Titin da kake kai kuwa na Gwamnatin Tarayya ne. Mutumin Suleja da Madalla ɗan jihar Neja ne a wurin kwana, ɗan Abuja a wurin aiki. A wurin fasinja tafiya ɗaya ce. A wurin hukuma tafiya ce ta gwamnatoci uku, kowace da dokarta da jami'anta da rasit ɗinta.

Ga kuma wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. A dokar harajin albashi ta Najeriya, jihar da kake zaune ita ke da haƙƙin harajinka, ba inda ofishinka yake ba. Don haka Abuja za ta iya cewa waɗannan mutane ba mazauna wurina ba ne. Nasarawa da Neja kuma su ce ai Abuja suke yi wa aiki, ita ta ɗauki nauyin kai su. Kowa yana da hujja, mu kuma muna bakin titi.

Wannan matsala ba mu muka fara ta ba. Birnin Washington, babban birnin Amurka, shi ma yanki ne na tarayya, kuma ɗimbin ma'aikatansa suna kwana a jihohin Maryland da Virginia da ke kewaye da shi. A 1967 ɓangarorin uku suka kafa hukuma ɗaya ta haɗin gwiwa, WMATA, da amincewar majalisar ƙasar. Kowane ɓangare yana da wakilai a hukumar, kowane yana zuba kasonsa. Jirginsu na Metro ya fara aiki a 1976, shekarar da mu muka sa hannu a dokar kafa Abuja. Su ma fa ba su huta ba. Sun yi shekaru suna fama da rashin tabbataccen kuɗi, kayan aiki suka tsufa, aka yi haɗurra, sai a 2018 ɓangarorin uku suka amince da ware dala miliyan 500 kowace shekara domin gyara da sabunta kayan aiki. Darasi biyu ke nan: hukuma ɗaya tana yiwuwa ko da iyakoki sun raba ku, kuma hukuma ba kuɗi tabbatacce wahala ce.

Kada wani ya ce ai can Amurka ce. Mu dawo gida. A 2002 jihar Legas ta kafa LAMATA da taimakon Bankin Duniya, hukuma ɗaya mai tsara sufurin birnin. A Maris 2008 ta buɗe layin BRT daga Mile 12 zuwa CMS, wato manyan motoci masu bin layinsu su kaɗai, kuma ta yi hakan ne tare da ƙungiyar direbobi ta NURTW. A Satumbar 2023 jirgin Blue Line ya fara jigila daga Marina zuwa Mile 2. A 2024 Red Line ya biyo baya, daga Oyingbo har Agbado, wadda ke cikin jihar Ogun. Akwai katin Cowry da ake biya da shi a bas da jirgin ƙasa da jirgin ruwa. Legas ba ta rabu da cunkoso ba, kowa ya sani. Amma gwamnoni sun zo sun wuce, hukumar tana nan tana bin tsari ɗaya sama da shekara 20. Haka Dakar ta Senegal: tana da hukumar CETUD tun 1997, ta haɗa masu ƙananan motoci cikin ƙungiyoyi aka ba su bashin sabbin motoci, kuma a 2024 ta fara BRT mai amfani da lantarki.

Abin da ya kamata mu nema

Na farko, hukumar sufuri ɗaya ta yankin Abuja baki ɗaya, wadda doka ta kafa, da wakilan Babban Birnin Tarayya da Nasarawa da Neja da Gwamnatin Tarayya. Ita za ta zana hanyoyi, ta tsayar da farashi, ta ba da lasisi, ta haɗa bas da jirgi. Tun gyaran kundin tsarin mulki na 2023, jihohi ma suna da ikon yin harkar layin dogo, don haka babu dokar da ta hana su shiga.

Na biyu, asusu na musamman wanda doka ta ce kuɗinsa na gudanar da sufuri ne kawai. Daga ina kuɗin zai fito? Akwai hanyoyi da aka gwada a wasu wurare. A Faransa tun 1971 ake karɓar wani kaso daga kamfanoni bisa albashin da suke biya, domin sufurin yankin Paris, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa sauran birane. Hujjarsu ita ce mai kamfani ne ya fi kowa amfana idan ma'aikacinsa ya iso kan lokaci. A Bogota ta ƙasar Kolombiya an yi amfani da wani ƙari da ke kan kuɗin fetur wajen gina hanyoyin TransMilenio da aka buɗe a 2000. A London tun 2003 mai mota yana biya kafin ya shiga tsakiyar gari, kuɗin kuma yana komawa harkar sufuri. A Abuja ba sai an ƙara wa talaka ko sisi a kan fetur ba. Akwai kuɗin ajiye mota a tsakiyar gari, akwai harajin filaye da manyan gine-gine, akwai hayar shaguna da tallace-tallace a tashoshi, akwai kuma ƙayyadadden kaso daga abin da hukumar harajin Abuja ke tarawa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a rubuta kason a doka, yadda ba zai dogara da ra'ayin ministan da ke kan kujera ba.

Na uku, a ware wa manyan motoci layinsu a hanyar Keffi da hanyar Kubwa da hanyar Lugbe. Bas da ke tsaye cikin cunkoso ɗaya da kowa ba zai ja hankalin kowa ba, kuma asara yake yi, domin sawu biyu zai yi a lokacin da ya kamata ya yi biyar. Titunan Abuja suna da faɗin da Legas ba ta da shi. Ware layi ɗaya ya fi gina layin dogo araha nesa ba kusa ba, kuma ana iya gama shi cikin ɗan lokaci, kafin jirgin ya iso Nyanya. Sabbin tashoshin mota da aka gina a Kugbo da Mabushi za su fi amfani idan akwai irin wannan layi da ya haɗa su.

Na huɗu, a canza yadda ake biyan direba. Yanzu direba yana cin abinci ne da yawan kawunan da ya cusa, ga balas ɗin mai mota yana jiransa da yamma, ga 'yan kamasho. Shi ya sa yake gudu, yake tsayawa tsakiyar titi, yake ƙin tashi sai mota ta cika. A tsarin Bogota kamfanonin motoci ana biyansu ne bisa kilomitar da suka yi, kuɗin tikiti kuma wani kamfani daban ne ke tara shi a madadin hukuma. Idan ka bi jadawali an biya ka, idan ka saɓa an yanke. Direbobin da ke kan hanya yanzu su ne za a fara ɗauka, a haɗa su cikin kamfanoni ko ƙungiyoyin gama-kai. Gyaran da zai jefa dubban magidanta cikin rashin aiki ba zai ɗore ba, kuma bai dace ba.

Na biyar, kati ɗaya na biya, da rajistar kowace motar haya da direbanta, da bayyana lissafi a fili kowane wata: motoci nawa suka fita, mutum nawa suka ɗauka, nawa aka tara, nawa aka kashe.

"Ai sace kuɗin za a yi"

Na san wannan ce amsar da yawancinku za ku rubuto min, kuma ban ga laifinku ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma ku duba: a yanzu ma muna biya. Muna biya da rabin albashi, da awa huɗu a hanya, da wayar da aka ƙwace a motar wan-cans, da bashin China da ake cirewa daga kuɗin ƙasa ko jirgin ya yi tafiya ko bai yi ba. Bambancin shi ne kuɗin da muke biya yanzu ba shi da rasit. Kuma sayen motoci lokaci guda ya fi sauƙin cuwa-cuwa fiye da biyan kilomita, domin kilomita ana iya auna ta da na'urar da ke nuna inda mota take, fasinja ma shaida ne ko motar ta zo ko ba ta zo ba. Shi ya sa na ce kuɗi da gyaran tsari tare za su tafi. Kada a ba da kuɗi ba tare da sharaɗin bayyana lissafi ba, kada kuma a kafa hukuma a bar ta hannu rabbana.

Me ni da kai za mu iya yi?

Abuja ba ta da gwamna, ba ta da majalisar jiha. Shugaban ƙasa ne ke mulkinta ta hannun minista, Majalisar Dokoki ta Ƙasa kuma ita ke yi mata doka da amincewa da kasafin kuɗinta. Wannan yana nufin sanatanka, ko daga Kano kake ko Sakkwato ko Borno, yana da ƙuri'a a kan kasafin Abuja. Babban birnin yana da sanata ɗaya da 'yan majalisar wakilai biyu, da shugabannin ƙananan hukumomi shida. Mutanen Karu da Mararaba da Masaka suna da gwamna da 'yan majalisa a Lafiya, mutanen Suleja suna da nasu a Minna.

Don haka idan ɗan takara ya zo unguwarku, kada ku tsaya a kan "za mu kawo motoci". Ku tambaye shi: wa zai biya gyaransu a shekara ta uku? A wane layi na kasafin kuɗi aka rubuta? Zai goyi bayan dokar hukuma ɗaya da Nasarawa da Neja? Idan an fitar da kasafin Abuja, ku duba nawa aka ware wa tituna da gadoji, nawa aka ware wa tafiyar da bas da jirgi. Idan kwamitin majalisa ya kira zaman jin ra'ayin jama'a, ƙungiyoyin unguwa da na ɗalibai da na 'yan kasuwa su aika wakilai da takarda a rubuce. Ƙungiyoyin ƙwadago ma ya kamata su sa wannan cikin buƙatunsu, domin ƙarin albashin da kuɗin mota zai haɗiye bai kai gida ba.

Akwai kuma aikin da nake so mu fara tun wannan mako. Duk mai bin ɗaya daga cikin hanyoyin nan uku, ya ɗauki kwana biyar yana rubutawa: ƙarfe nawa ya fito, minti nawa ya jira, mota nawa ya canza, nawa ya biya, ƙarfe nawa ya isa. Ku turo mana. Za mu haɗa su wuri ɗaya mu karanta a shiri na gaba, sannan mu miƙa wa wakilanmu. Mutumin da bai taɓa tsayawa a ƙarƙashin gadar Mararaba da asuba ba zai iya musa labari, amma lissafin mutum ɗari zai yi masa wuyar musawa. Ina kuma son jin ta bakin direbobi da 'yan keke Napep, domin ku kuka san abin da ake karɓa a hannunku kowace rana kafin ku kai ko kwabo gida.

A nan za mu tsaya yau. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya kai kowa gida lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.